Yadda Ake Sikanin Takardun Kamfani A Kuma Jera Su Yadda Za A Nemo Su Ba Wahala

Duk wanda ya ce zai mayar da takardun ofis ɗinsa cikin kwamfuta, tambayar da yake fara yi ita ce wace sikana zan saya, ni kuma amsata ɗaya ce, ajiye maganar sikana tukuna. Sikanin ɗin shi ne mafi sauƙi a duk aikin nan, na'ura ce ke yi, ka zuba mata takarda ta ja. Inda aikin yake shi ne ranar da odita ko lauya ko wani kwastoma zai tsaya a kanka yana son invois, wato takardar neman biyan kuɗi, da aka rubuta shekara 6 da suka wuce, kai kuma kana da dubban fayil a kwamfuta duk sunansu Scan0001, Scan0002 har zuwa ƙarshe. Toh wannan ba ajiya ba ce, tarin takarda ne kawai ya tashi daga kabad ya koma kwamfuta, kuma na kwamfutar ma ya fi wuyar tonowa, don a kabad ko ba komai kana gane fayil da launin bangonsa. Shi ya sa nake so ka fara daga tambayar ta yaya za a nemo, sannan ka dawo kan ta yaya za a ɗauka.

Fara da zagaye. Ka ɗauki biro da littafi ka bi kowace kabad, kowace durowa da kwalayen da aka jibge a sito, ka rubuta abin da ke ciki a dunƙule, irin takardar, shekarun da ta ƙunsa, sashen da ke da ita, da kimanin yawanta. Ba sai ka ƙirga ɗai-ɗai ba. Ka auna kauri kawai, tunda bandir ɗin takarda mai 500 kaurinsa kusan santimita 5 ne, kaga duk santimita ɗaya wajen takarda 100 kenan, sai dai tsohon fayil da ya sha hannu yakan kumbura, don haka lissafin zai ɗan haura gaskiya. Wannan ƙiyasin shi zai gaya maka ko aikin na mutum ɗaya ne ko kuwa sai an ɗauko masu yin sa a matsayin sana'a.

A nan ne kuma za ka gane cewa ba komai ake sikanin ba. Kwafi uku na takarda ɗaya, tallan da wani kamfani ya aiko, daftarin da ba a sa wa hannu ba, takardar da dama daga kwamfutarku aka buga ta kuma asalin fayil ɗin yana nan, duk waɗannan ɓata lokaci ne. Sauran kuma kowace iri tana da wa'adin da doka ta ce a riƙe ta, kuma wa'adin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, na haraji daban, na ma'aikata daban, na kwantiragi daban. Kada ka yi hasashe a nan, ka zauna da akanta da lauyan kamfanin su rubuta maka jadawali, wannan iri shekara kaza, wancan iri har abada. Akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta kula da bayanan aiki, ISO 15489, wadda ta fito a 2001 aka sabunta ta a 2016, kuma abin da take nanatawa shi ne bayani ya kasance na gaskiya, abin dogaro, cikakke ba a taɓa shi ba, sannan ana iya nemo shi a yi amfani da shi. In ka riƙe waɗannan huɗun a kai, sauran shawarwarin duk za su zo maka da sauƙi.

Wata shawara da nake matuƙar so a ɗauka, kada ka fara da tsofaffin kwalaye. Ka sa rana, ka ce daga yau duk takardar da ta shigo a yi sikanin ɗinta ranar da ta shigo, don in ba haka ba kana kwashe na baya sabo yana taruwa a gabanka, aikin ba zai taɓa ƙarewa ba. In wannan ya zauna sai ka juya kan tsofaffi, su ma ka fara da waɗanda aka fi yawan nema, ba waɗanda suka fi tsufa ba.

Yanzu ga zuciyar aikin, fihirisa.

Fihirisa ita ce 'yan bayanan da kake liƙa wa kowace takarda don a nemo ta da su, kuma ba kai za ka zauna ka ƙirƙiro su daga kanka ba. Je wurin mutanen da ke neman takarda kullum ka saurari yadda suke tambaya. Akanta zai ce ina invois mai lamba kaza. Mai kula da ma'aikata zai ce kawo fayil ɗin wane, ko ya ba da lambar ma'aikaci. Mai sito zai ce takardar kayan da suka shigo ranar kaza daga wurin dila kaza. Abin da suka faɗa ɗin nan shi ne gurbin da za ka buɗe. Yawanci abin ba ya wuce irin takarda, kwanan watan da ke jikin takardar (ba ranar da aka yi sikanin ba, wannan kwamfuta za ta riƙe da kanta), sunan mutum ko kamfanin da abin ya shafa, lambar takardar, sashen da ke da ita, lambar kwalin da asalin yake ciki, da shekarar da wa'adinta zai cika. Bakwai kenan, kuma ni a ganina sun isa. Mutane suna zumuɗi su buɗe gurbi 20, sai ka ga mai shigar da bayanin ya gaji tun a makon farko ya fara tsallake rabi, kuma gurbin da aka cike rabi aka bar rabi ya fi wanda babu shi haɗari, saboda za ka yi bincike da shi ka ga ba sakamako ka ɗauka takardar babu ita alhali tana nan.

Sannan duk gurbin da zai yiwu a zaɓa daga jeri, a zaɓa, kada a bar mutum ya rubuta da hannunsa. Irin takarda misali, ka tsayar da jeri guda, invois, rasit, kwantiragi, wasiƙa, takardar albashi, takardar oda, shikenan, kowa daga nan zai ɗauka. In ka bar shi a buɗe, wannan zai rubuta kwantiragi, wancan ya rubuta kwangila, na uku ya rubuta yarjejeniya, duk abu ɗaya suke nufi amma kwamfuta ba ta san haka ba. Sunaye ma haka, kuma su ne suka fi ba da ciwon kai. Mutum ɗaya a takarda ɗaya Muhammad, a wata Mohammed, a wata Muhammadu, kamfani ɗaya wani ya rubuta cikakken sunansa wani ya taƙaita. Maganin shi ne kowane kwastoma da kowane dila da kowane ma'aikaci ya samu lamba tasa guda wadda ba ta canzawa, kuma in kuna da manhajar lissafi toh tabbas lambobin suna can, ka ɗauko su kawai kada ka ƙirƙiro sababbi. Suna yana canzawa, kamfani yakan sauya suna, mutum ma haka, lamba kuwa tana nan.

Kwanan wata ka rubuta shi shekara, wata, rana, kamar 2021-03-09, wanda shi ne tsarin ISO 8601. Dalili biyu ne. Na farko in ka rubuta 03/09/2021, mutumin Amurka zai karanta 9 ga Maris, mutumin Ingila ya karanta 3 ga Satumba. Na biyu kuma in shekara ce a gaba, kwamfuta da kanta za ta jera maka fayil ɗin daga tsoho zuwa sabo ba tare da ka yi komai ba. Kuma ka sa sifilin nan, 03 ba 3 ba, in ba haka ba wata na 10 zai shige gaban wata na 2 a jeri.

Sunan fayil ya ɗauki muhimman guraben, don ko da wata rana manhajar ta lalace ko kun canza ta, sunan kaɗai zai gaya maka abin da ke ciki. Misali:

2021-03-09_invois_D0147_88213.pdf

Kwanan wata, irin takarda, lambar dila, lambar invois. Kada ka sa alamomin nan \ / : * ? " < > | domin Windows ba ta karɓar su a suna, kuma gara ka yi amfani da ɗan layin ƙasa maimakon barin fili. Ka kula da tsawo ma, don a tsarin Windows na asali in sunan fayil haɗe da sunayen foldojin da yake ciki ya wuce haruffa 260 sai ka ga kwafi ya ƙi yiwuwa, kuma yawanci ba ka ganewa sai ranar da kake ƙaura da fayil ɗin gaba ɗaya. Folda cikin folda kada ta wuce hawa uku ko huɗu, sashe, irin takarda, shekara, ya wadatar. Kada kuma ka sa abin sirri a suna, kamar cutar ma'aikaci ko yawan albashinsa, don suna kowa na gani ko da ba zai iya buɗe fayil ɗin ba.

Duk wannan ka rubuta shi a shafi ɗaya ka manna kusa da sikana. Sai yanzu za a taɓa takarda.

Shirya takarda shi ne yake cin lokaci fiye da sikanin ɗin kansa, kowa da ya yi aikin zai gaya maka. Cire fil ɗin sitefla da kilif da roba, ka bi a hankali da waɗanda suka yi tsatsa don sukan tafi da kusurwar takarda, fil guda ɗaya da ya tsere kuwa yana iya karce gilashin sikana ya bar maka layi a kowane shafi daga ranar. Warware naɗi, miƙe kusurwar da ta lanƙwashe, ka duba ko lanƙwasar ta rufe lamba ko sa hannu. 'Yan ƙananan takardun nan masu gam da ake mannawa, in sun rufe rubutu ka ɗaga su ka manna a farar takarda ka sa ta a bayan shafin, kada ka yar, wani lokacin abin da manaja ya rubuta a kai ya fi takardar kanta muhimmanci. Takardar da ta yage ko ta yi laushi kada ka tura ta cikin injin ja, ka sa ta a aljihun leda na musamman da ake sayarwa don haka ko ka ɗora ta a kan gilashi. Wadda danshi ya taɓa ta yi funfuna kuma ka ware ta gefe, ka sa safar hannu da takunkumi, kada ka haɗa ta da masu lafiya.

Rasit ɗin nan mai santsi da injin biyan kuɗi ke fitarwa, shi ka fara da shi kafin komai. Ba tawada ba ce a jikinsa, zafi ne ke fito da rubutun, shi ya sa yake dushewa da kansa, in ya ga rana ko zafi kuma abin ya fi sauri, salatif ma in ka manna a kan rubutun yana cinye shi. Wanda ya fara dishi-dishi ka ɗauke shi a toka-toka, wato saitin sikana da ba kala amma mai riƙe duk inuwar da ke tsakanin fari da baƙi, ka ƙara duhun, sau da yawa lambobin suna fitowa a allo fiye da yadda ido ke ganin su a hannu.

Ka raba aikin kashi-kashi, kowane kashi kamar shafi 50 zuwa 100, da takarda a sama mai ɗauke da lambar kashi, lambar kwali, yawan shafi, da sunan wanda ya shirya. Ƙirga shafin nan kada ka raina shi, shi kaɗai ne zai nuna maka in na'ura ta haɗiye biyu a lokaci ɗaya. Tsakanin takarda da takarda kuma ka sa shafin rabuwa mai bakod, wato baƙaƙen layukan nan da na'ura ke karantawa irin na jikin kayan kanti, manhajoji da yawa suna gane shi su yanke fayil a wurin da kansu, har wasu su karanta lambar da ke bakod ɗin su sa ta a suna. In ba ka yi haka ba za ka samu fayil guda mai shafi 100 da invois 30 a ciki, ka zauna kana yankawa da hannu.

Maganar sikana gajeriya ce. Kana buƙatar mai jan takarda da kanta, mai ɗaukar gaba da baya a wucewa ɗaya, mai na'urar gane cewa takarda biyu sun manne, wadda a yawancin na ofis da sautin da kunne ba ya ji take aiki. Ka duba adadin shafin da kamfanin ya ce tana iya ɗauka a rana, ba saurin minti kaɗai ba. Ka haɗa da mai gilashi guda don littattafai da takardu masu rauni. Tayoyin robar da ke jan takarda suna cinyewa, ana canza su, kuma ƙurar tsohuwar takarda tana taruwa da sauri, don haka goge gilashi da tayoyin da tsumma mai laushi ya zama aikin kowace safiya. Waya tana da amfani in kana waje ka karɓi rasit guda, amma ba a yin kwali 50 da waya, inuwa da karkata da ɗan yatsa a gefe za su ishe ka.

Saiti kuwa, 300 dpi shi ne abin da aka saba don rubutu, ma'ana ɗigo 300 a kowane inci. Takardar A4 a haka tana fitowa fikzel 2480 a faɗi 3508 a tsawo, in da kala ce kuma ba a matse ba wajen megabait 26 kenan shafi ɗaya. In ka ɗaga zuwa 600 dpi girman ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu ne, tunda faɗi ya ninka tsawo ma ya ninka. Don haka 600 ka bar shi don ƙananan rubutu sosai, zane, da hotuna. Ƙasa da 200 kuma kada ka sauka. Fari-da-baƙi zalla shi ne mafi ƙanƙanta, shafi yakan tsaya a 'yan gomman kilobait, kuma ya yi daidai da takarda mai tsabta da aka buga da inji, sai dai yana da mugun hali guda, duk abin da ya yi haske sosai yana mayar da shi fari, fensir ya ɓace, hatimi mai shuɗi-shuɗi ya ɓace, wurin da aka shafa wa kala kuma ya koma baƙi ƙirin ya rufe rubutun. Tsohuwar takarda, kwafin kabon, da rubutun hannu ka ɗauke su a toka-toka. Duk inda kala ke da ma'ana, jan biro na gyara, hatimi, sa hannu da shuɗin biro da ke nuna asali ne ba fotokwafi ba, a ɗauka da kala. Saitin nan na cire shafin da ba komai ma ka gwada shi da kyau kafin ka yarda da shi, don bayan takarda mai ɗan sa hannu da fensir a kusurwa yana iya zama fanko a wurin na'ura.

Matse fayil yana da iri biyu, mai zubar da wani abu da wanda ba ya zubarwa. JPEG yana zubarwa, kuma duk sanda ka buɗe ka gyara ka sake ajiyewa yana ƙara zubarwa, shi ya sa gefen haruffa ke yin dishi-dishi. Amma akwai wanda ya fi wannan ban tsoro. A 2013 wani masanin kwamfuta Bajamushe, David Kriesel, ya gano cewa wasu injinan Xerox suna canza lambobi a takardar da aka yi sikanin, 6 ta koma 8, kuma hoton ya fito tsaf ba alamar matsala. Dalilin shi ne wani salon matsewa mai suna JBIG2, wanda in ya ga alamomi biyu sun yi kama sai ya ajiye guda ɗaya ya riƙa maimaita ta a gurbin ɗayar. Kamfanin ya fitar da gyara daga baya. Ka yi tunanin wannan a takardar albashi ko lissafin kaya. Don haka in ka ga saiti mai alƙawarin fayil ƙarami sosai, ka ɗauki shafi mai ƙananan lambobi ka gwada, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da asalin a hannunka.

Don ajiya mai tsawo ka zaɓi PDF/A. Wani nau'in PDF ne da aka tsara don adana, ƙa'idarsa ISO 19005 ta fara fitowa a 2005, kuma sharaɗinsa shi ne duk abin da fayil ke buƙata don ya buɗe yana cikinsa, ba ya dogara da wani abu na waje, ba a kuma kulle shi da kalmar sirri. Wannan na ƙarshen yana nufin tsaron ka sa shi a kan folda ko manhaja, ba a jikin fayil ba. Takardu masu daraja sosai wasu sukan ajiye kwafin TIFF, wani nau'in fayil ɗin hoto, daban a matsayin uwa, PDF ɗin kuma na amfanin yau da kullum.

Sai OCR, wato manhajar da ke karanta hoton shafi ta mayar da shi rubutun da za a iya bincikawa. Ka kunna shi a komai, yana ɓuya ne a bayan hoton, ba ya canza kamannin takardar. Akwai na kuɗi irin su ABBYY FineReader da Adobe Acrobat, akwai na kyauta, Tesseract, wanda aka fara ƙerawa a kamfanin HP tun shekarun 1980 aka sake shi ga kowa a 2005, kuma shi ne ke aiki a cikin NAPS2 da Paperless-ngx, duk biyun kyauta ne. Ka saita masa harshen da takardar ke ciki, in ba haka ba haruffa masu lanƙwasa da masu ɗigo za su fito a birkice. Amma don Allah kada wani ya ce maka tunda akwai OCR ba sai an yi fihirisa ba. Yi lissafi da kanka, ko da yana daidai 99 cikin 100, shafi mai haruffa 2,000 zai fito da kuskure 20, kuma inda ya fi yin kuskuren shi ne inda ya fi maka zafi, 0 da O, 1 da l, 5 da S, 8 da B, wato dai lambar invois da lambar asusu. Rubutun hannu kuwa har yanzu ba abin da za ka jingina da shi ba ne. Kuma ko ya karanta daidai, in ka nemi sunan babban dilanku zai kawo maka shafi ɗaruruwa, bai san wanne ne kwantiragi wanne ne wasiƙar gaisuwa ba. OCR na taimakawa ne in ka manta komai sai kalma ɗaya, fihirisa kuma ita ke kai ka kan takardar kai tsaye. In manhajarku tana cike gurabe da kanta daga abin da ta karanta, madalla, amma mutum ya duba lamba da kwanan wata kafin a amince.

Shigar da fihirisa a yi shi ranar da aka yi sikanin, takardar tana kusa. In aka ce sai an gama duka a dawo, ba a dawowa. Ƙaramin kamfani tebur ɗin Excel ya ishe shi, layi ɗaya takarda ɗaya, gurbin ƙarshe sunan fayil, mutum ɗaya ne ke da ikon gyara shi. In takardu sun yi yawa ko masu nema sun yi yawa sai a koma manhajar kula da takardu, kuma kafin ka biya kuɗin kowace ka tambayi abu ɗaya, in na tashi barin ku zan iya fitar da fayil ɗina da fihirisarsu gaba ɗaya a tsarin da kowace kwamfuta ke buɗewa? In amsar ta zo da kwana-kwana, nemi wata.

Dubawa kuma ba wanda ya yi sikanin ne zai yi ba, ido ya saba da aikinsa. Kashin farko-farko a duba kowane shafi, yawan shafi ya yi daidai da abin da aka rubuta a sama, ba wanda ya juye, ba gefen da ya yanke, ba layi, ƙaramin rubutun ƙasa yana karantuwa. In hannu ya faɗa sai a koma ɗaukar samfuri, amma duk kashin da aka samu shafi ya ɓace a sake shi gaba ɗaya. Gwajin da na fi yarda da shi kuwa, ka kira wani da bai sa hannu a aikin ba, ka zaro takarda 10 daga kwali ba zaɓe, ka gaya masa abin da mai nema zai faɗa kawai, ka ga ko zai fito da su a kwamfuta. Inda ya tsaya yana sosa kai, nan ne gyaran yake, kuma gara ka gano shi a kwali na 2 da ka gano shi a kwali na 200.

Ajiyar fayil ɗin, ƙa'idar da aka sani ita ce 3-2-1, kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2, 1 daga ciki a wani wuri daban da ginin. Foldar da ke daidaita kanta da intanet ba ta cika wannan ita kaɗai ba, don in ka goge a nan can ma ta goge, in ƙwayar cutar nan mai kulle fayil ta nemi kuɗin fansa ta shiga, kulallun za ta kwafa can. Kwafi ɗaya ya kasance a cire yake, ba a jone ba. Kuma lokaci-lokaci ka gwada dawo da fayil daga kwafin ka buɗe shi da idonka. Fayil ɗin da aka gama a mayar da shi na karantawa kawai, sannan a fitar masa da lambar tantancewa ta SHA-256 a ajiye a fihirisa, ko ɗigo ɗaya aka canza a fayil ɗin lambar za ta bambanta, wannan shi ne hujjarka in wani ya ce an taɓa takardar.

Ba kowa ne zai ga komai ba. Fayil ɗin ma'aikata da na albashi da na lafiya a kabad kulle suke, toh a kwamfuta ma su zauna a kulle, kowa da nasa sunan shiga, ba kalmar sirri ɗaya da duk ofis ya sani ba, wanda ya bar aiki kuma a rufe nasa a ranar. Ƙasashe da yawa yanzu suna da dokar kare bayanan mutane, kamar GDPR ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018, kuma irin waɗannan dokokin ba su yarda ka riƙe bayanin mutum fiye da buƙata ba, kaga gurbin nan na shekarar cikar wa'adi ba ado ba ne. Ka tuna kuma manyan injinan fotokwafi da yawa suna da faifan ajiya a ciki da ke riƙe abin da aka ɗauka, in za a sayar ko a mayar da na haya a goge shi tukuna.

Takardun asali su koma kwalinsu yadda suka fito, da lambar kwali a rubuce ɓaro-ɓaro a gefe biyu, a ɗora su a kan kantoci ba a ƙasa ba, nesa da danshi da gara. Kada a yi gaggawar lalata su, a bari sai an gama dubawa, an yi kwafin ajiya, an gwada shi, an kuma ɗan yi watanni ana aiki da na kwamfutar. Wasu kuma ba a lalata su sam, takardar rajistar kamfani, takardun mallakar fili da gini, kwantiragi mai sa hannu da hatimi, da duk abin da lauya ya ce kotu za ta nemi asalinsa. Duk takardar da ta shafi shari'ar da ake yi ko binciken da ake sa ran zuwansa, a dakatar da lalata ta ko da wa'adinta ya cika, na takarda da na kwamfuta duka. Waɗanda aka amince a lalata a sa su a injin da ke yanka tsaye da kwance, don mai yanka dogayen zirin nan ana iya harhaɗa abin da ya yanka, sannan a buɗe rajista a rubuta lambar kwali, irin takardun, shekarunsu, ranar da aka lalata, wanda ya ba da izini da wanda ya shaida, su biyun su sa hannu, rajistar kuma a yi sikanin ɗinta a ba ta nata layin a fihirisa.